Me Ke Sa Mota Mai Giyar Hannu Ta Yi Rarrafe a Firi da Sanyin Asuba?

Da hunturu ya kankama, akwai gardamar da ba ta rabuwa da tashoshin mota da garejin kanikawa a garuruwan Kano da Jigawa. Direban da zai kai 'yan kasuwa Maigatari ranar Alhamis, ko Wudil ranar Juma'a, yakan tayar da mota tun duhun asuba. Giya tana firi, wato ba a sa kowace giya ba, ya saki kuloci, sai ya ji motar ta ɗan yunƙura gaba, wani lokaci har ta yi rarrafe taku ɗaya ko biyu. Wani kuma a gareji yake ganin abin: an ɗaga gaban Golf a kan jak, an tayar da inji, ba wanda ya taɓa giya, amma ga taya nan tana juyawa. Da an ɗan zaga da motar ta ɗauki zafi, sai a nemi abin a rasa.

Daga nan baki ke rabuwa. Wasu su ce kuloci ne ya ƙare. Wasu su ce giyabos ya fara cin kansa, a sauke shi tun bai kashe mota a hanya ba. Wasu kuma su ce ba komai, halin mota ne da sanyi. Gardamar tana da tsada, domin sauke giyabos na nufin kuɗin aiki, da kuɗin kayan da za a aika a sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, da kwana ɗaya ko biyu mota tana zaune ba ta kawo ko sisi. A mafi yawan lokuta man giya ne ya yi kauri saboda sanyi, kuma ba a buƙatar kwance komai. Amma akwai iyakar da in abin ya wuce ta, ya tashi daga halin sanyi ya zama ciwo. Ana iya gano wannan iyaka a ƙofar gida, ba tare da sifana ba.

## Abin da ke gudana cikin giyabos idan mota tana firi

Da yawa suna ɗauka cewa in an sa firi, an raba inji da giyabos gaba ɗaya. Ba haka ba ne. Kuloci ne ke raba inji da giyabos, kuma sai an taka shi. In ƙafa ba ta kan kuloci, shaf ɗin da ke shiga giyabos, wato dogon ƙarfen da ke kai masa juyi, yana juyawa daidai da inji, ko mota tana firi ko tana cikin giya.

Cikin giyabos akwai shaf mai karɓar juyi daga inji, da shaf mai fitar da juyi zuwa tayoyi. Motocin da ke ja da baya, irin su Hiace da Hilux da Peugeot 504, suna da na uku a ƙasa wanda ke haɗa biyun. Giyoyin gaba duka, daga lamba ɗaya zuwa biyar, haƙoransu a sarƙe suke da na abokan aikinsu dare da rana. Canza giya ba ya raba haƙoran. Abin da ake yi shi ne, a kowane biyu ɗaya tana manne da shaf ɗinta, ɗayar kuma a sake take, tana yawo a kan shaf bisa boris mai siraran allurai, wato abin da ke rage gogayya tsakanin ƙarfe da ƙarfe. In direba ya tura sandar giya, fok ne ke tura wani zoben ƙarfe ya kulle wannan sakakkiyar giyar da shaf ɗin. Kafin ya kulle, zoben tagulla da kanikawa ke kira sinkoronaiza yakan matse jikin giyar ya daidaita gudunsu, shi ya sa giya ke shiga ba ƙara.

Firi kuwa shi ne halin da ba giyar da aka kulle. Duk suna nan, amma ba wadda ta riƙe shaf.

A ɗauki giyabos ɗin Golf 3 mai giya biyar. In inji yana juyi 1,200 a minti, giyar lamba ɗaya tana zagaya shaf mai fita, wanda ke tsaye, da juyi kusan 350, ta lamba biyu da kusan 620. Lamba uku da huɗu da biyar kuwa a kan shaf mai shiga suke zaune, don haka su ne a tsaye, shaf ɗin yana gudu a cikinsu da cikakken juyin inji. Wurare biyar ke nan da ƙarfe mai gudu ke dab da ƙarfe mai tsayuwa, tsakaninsu ba komai sai boris da siririn mai. Ga kuma zoben tagulla na kowace giya, shi ma mai ne kaɗai ya raba shi da jikin giyar.

Duk giyoyin nan gefe guda suke ja, wato gaba. Ribas a yawancin irin waɗannan motoci haƙoranta a rabe suke sai an sa ta, saboda haka ba ta da bakin magana. Shi ya sa motar da ke rarrafe a firi gaba take yi. In ta yi baya, a duba gangarar wurin.

## Yadda sanyi ke mai da mai abin ja

In aka juya ludayi cikin ƙwaryar ruwa, ƙwarya ba ta motsi. In kunu ne mai kauri da ya huce, ƙwaryar ma sai ta nemi bin ludayin. Haka mai yake yi tsakanin giya da shaf: iya kaurinsa, iya jan da yake yi.

Ana auna kaurin mai da ma'aunin sentistok. Ruwa yana wajen 1. Man giya mai lamba 80W-90 yana wajen 140 a zafin digiri 40, ya sauko wajen 14 ko 15 a digiri 100. A digiri 70, inda giyabos yakan kai bayan doguwar tafiya, bai kai 40 ba. Amma a digiri 10 yana kaiwa kusan 1,000. Wato tsakanin asubar Janairu da lokacin da mota ta isa kasuwa, kaurin mai ɗaya na iya bambanta kusan ninki 25 zuwa 30. Mai lamba 85W-140 kuwa, wanda ake yawan kira 140 kawai, a digiri 40 ya haura 300, a digiri 10 kuma ya haura 3,000.

A yankin Kano da Jigawa, cikin Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 12 zuwa 14, wasu ranakun ƙasa da 10, musamman a fili da kusa da fadama. Giyabos na alminiyom ne ko ƙarfe, a ƙarƙashin mota yake, iska na kaɗa shi dare guda. Zuwa asuba man ya yi sanyi daidai da garin.

Abu na biyu shi ne silo, wato juyin da inji ke yi mota tana tsaye ba a taka totur ba. Inji mai zafi yana silo a juyi 800 zuwa 900. Mai sanyi kuwa kwamfutar mota, ko cok a motocin kafireta, kan ɗaga shi zuwa 1,200 ko 1,500 har ya ɗumama. Jan mai yana ƙaruwa da gudu. Saboda haka a minti biyu na farko abubuwa biyu ne suka haɗu: mai yana kan iyakar kaurinsa, inji yana kan silo mafi tsayi. Da giyoyin sun kaɗa man ya ɗan yi ɗumi, silo kuma ya sauko, jan ya ragu da sauri.

Duk mai babur ya san wannan ko bai san dalili ba. A ɗora Boxer a kan babban jak da safe a tayar da shi a firi, tayar baya za ta riƙa juyawa a hankali, in aka taɓa ta da takalmi ta tsaya. Abin da ke faruwa cikin mota ke nan.

## Juyawar taya a jak daban, motsin mota a ƙasa daban

A nan ne ya kamata a tsaya a yi lissafi, domin a nan ake rikita abu biyu.

Tayar da ke sama ba ta buƙatar wani ƙarfi. In taya ɗaya aka ɗaga, difarenshal, wato abin da ke raba juyi tsakanin tayoyi biyu, yana tura juyin duka ga wadda ke sama, har ya ninka gudunta. Shi ya sa takan yi kamar tana gudu sosai, alhali guntun katako ya isa ya tsayar da ita. Wannan ba alamar ciwo ba ce ko kaɗan. Sabuwar mota ma tana yi.

Motar da ke ƙasa kuwa sai an tura. Ƙaramar mota mai nauyin kilo 1,100, a kan siminti mai santsi, tayoyi cike da iska, tana buƙatar turi kwatankwacin kilo 13 zuwa 16 kafin ta ci gaba da gangarawa. A kan ƙasa mai tauri abin ya ninka, a rairayi kuwa yana iya kai ninki goma. Sharan ko Hiace da aka yi wa lodin buhuna tun dare ta fi ƙarfin a yi maganarta.

Labaran motocin da ke tafiya da kansu a firi yawanci daga ƙasashen ƙanƙara suke, inda sanyi ke sauka ƙasa da sifiri da digiri 15 ko 20, mai ya kusa daskarewa. Sanyinmu bai kai nan ba. Mota mai lafiya, da man da kamfani ya ce a zuba, da wuya sanyin Kazaure ko na Gumel shi kaɗai ya motsa ta a shimfiɗaɗɗen wuri. In ta motsa, akwai abin da ya taimaka wa sanyin. Ko dai an zuba mata 140, ko man ya tsufa ya gurɓace, ko wurin yana da 'yar gangara da ido ba ya gani. Gangarar santimita ɗaya da rabi a kowace mita ta isa ta gangarar da mota ko inji a kashe, kuma yawancin simintin ƙofar gida da gangan ake karkata shi don ruwan damina ya wuce. Jan mai sai ya zama ɗan ƙarashen da ya rage.

## Ra'ayoyi uku, da inda kowanne ya tsaya

Masu cewa kuloci ne suna da uzuri, domin abin yana faruwa ne daidai lokacin da aka ɗaga ƙafa daga kuloci. Sai dai kuloci a nan aikinsa ya yi: an sake shi, ya haɗa inji da giyabos. In giya tana firi da gaske, ko an sa sabon faifai ko an bar tsohon, juyin da ke shiga giyabos ɗaya ne. Canza faifan kuloci saboda rarrafe a firi asarar kuɗi ce.

Akwai dai wani rarrafen da laifin kuloci ne, kuma shi ake rikitawa da wannan. Mota tana lamba ɗaya, an taka kuloci har ƙasa, amma tana neman tafiya. Wannan kuloci ne bai saki ba: iska ta shiga layin man kuloci, ko masta, wato famfon man kuloci, ta sama ko ta ƙasa tana yoyo, ko kebul ya miƙe, ko faifai ya karkace, ko ya yi tsatsa a kan shaf ba ya zamewa, ko ɗan boris ɗin da ke tsakiyar fulawil, wato faifan ƙarfen da ke bayan inji, ya kama. Shi ma yakan fi tsanani da safe. Ribas ce ke tona shi. A taka kuloci, a ƙirga biyar, a sa ribas. In ta yi ƙara, kuloci bai saki ba. Kuma a lura: mai mai kauri yana saurin tsayar da shaf in an taka kuloci, don haka ribas mai ƙara da sanyin safiya ba za a ɗora wa man giya ba.

Masu cewa giyabos ne ya lalace su ma wani lokaci gaskiyarsu ce. In mota ta daɗe tana yoyon man giya ba a ƙara ba, boris ɗin allurai na wata giya yakan bushe, ya yi zafi, ya fara kama shaf. A motocin da ke ja da baya akwai ƙaramin boris inda kan shaf mai fita ya shiga cikin shaf mai shiga. In ya kama, mota tana firi amma kamar tana lamba huɗu. Zoben tagulla da ya cinye yakan nutse a jikin giya ya maƙale. A giyabos ɗin Golf, tazarar da ke tsakanin sabon zobe da giya ta ɗan haura milimita 1, in ta sauko 0.5 zoben ya ƙare. Sannan akwai wanda ya fi su sauƙin gyara: sandunan giya ko kebul ɗinta sun goce, ko robobinsu sun cinye, ko fok ya lanƙwashe, sai sandar direba tana tsakiya amma a ciki ana ɗan danne zoben tagulla a jikin giya. Wannan yana jan mota sosai, yana kuma cinye zoben cikin ɗan lokaci. Direban da ya saba ɗora hannu a kan sandar giya yana tafiya, irin wannan dannewar yake yi da kansa.

Kuskuren masu wannan ra'ayi shi ne gaggawa. Ba a sauke giyabos saboda taya ta juya a jak.

Masu cewa ba komai sun fi kowa yawan dacewa, amma maganarsu tana da sharaɗi: abin ya zama mai rauni, ya kuma ɓace in mota ta yi zafi. Ko a hakan, "ba komai" ga giyabos ba ya nufin ba komai ga wanda ke tsaye gaban mota.

Motar otomatik ba ta cikin wannan lissafi. Ita in tana D da gangan aka yi ta ta riƙa rarrafe in an saki birki.

## Gwajin da za a yi kafin a kira bakanike

A yi shi da safe kafin mota ta yi zafi, a shimfiɗaɗɗen wuri, ba kowa a gaba, direba yana zaune a kujerarsa ƙafa kusa da birki.

Da farko, inji a kashe, giya a firi, a saki birkin hannu. In ta gangara, wurin ne ba giya ba. In ta tsaya, a sa mutum ɗaya ya tura. Ya kamata ta tafi ba tirjiya. In ta ƙi, ko aka ji tana neman juya inji, akwai abin da ya kama a ciki, ko giya ba ta fita sosai ba.

Sai a taka kuloci a tayar da inji, a saki kulocin a hankali ana kallon agogon juyin inji. Ya ɗan sauka da juyi 50 ko 100 ya dawo, wannan nauyin kaɗa mai ne. In ya faɗi sosai, inji ya yi rawa ko ya mutu, to ba mai ba ne. In mota ta fara rarrafe, a sake taka kuloci. Ta tsaya nan take? Jan daga cikin giyabos yake, kuloci kuwa lafiyarsa lau. A taɓa birki kaɗan: jan mai ba ya jayayya da birki, kuma sautin inji ba ya canzawa. Ƙarfen da ya kama kuwa in an taka birki inji zai yi nishi.

A girgiza sandar giya hagu da dama, a ɗan ja ta baya ko a tura gaba kaɗan ba tare da an sa giya ba. In rarrafen ya ƙaru ko ya ɓace da wannan motsin, a fara da duba sanduna da robobi da kebul, da kuma mazaunin inji, domin in ya karye inji yakan karkata ya ja sandunan.

Gwaji na ƙarshe shi ne mafi nauyi. A yi tafiyar kilomita 10 zuwa 15, a dawo wuri ɗaya a maimaita. In abin ya ɓace, mai ne da sanyi. In yana nan, ko ya ƙaru da zafi, ko akwai kuka a firi da ke ɗaukewa in an taka kuloci, mota ta je gareji kafin ta sake ɗaukar fasinja.

In za a gwada a jak, a sa waigi gaba da bayan tayoyin da ke ƙasa, a tokare mota da abu mai ƙarfi ban da jak ɗin, a tsayar da taya da katako ba da hannu ba. Mota mai ja da gaba da aka ɗaga ƙafa ɗaya, in aka tsayar da tayar sama da ƙarfi alhali akwai abin da ya kama a ciki, juyin zai koma ga ta ƙasa, mota ta sauka daga jak.

## Batun mai: 90 ko 140?

Kanikawan da ke zuba 140 suna da hujjarsu. Cikin Afrilu zafin rana yana haura digiri 40, motocin haya suna ɗaukar kaya fiye da ƙima, giyabos ɗin ya tsufa. Mai mai kauri yana rage kuka, yana rage yoyo a sil, wato robar da ke tare mai, in ya bushe. Duk gaskiya ne, kuma 140 yana da gurbinsa a aksul ɗin baya na manyan motocin kaya in kamfani ya yarda da shi.

Amma a giyabos mai zoben tagulla kuɗin da ake biya ya fi ribar. Zoben sai ya matse man da ke tsakaninsa da giya kafin ya kama. In man ya yi kauri ba ya matsuwa da wuri, shi ya sa lamba biyu ke tauri ko ƙara da safe. Mai mai kauri kuma ba ya saurin shiga boris ɗin allurai a mintunan farko, wato wurin da ya fi buƙatarsa. Kukan da aka rufe da 140 bai warke ba. Zuba giris ko maganin ƙara kauri ya fi wannan muni.

Lambar da ke gaban W tana nuna yadda mai ke gudu da sanyi, iya ƙanƙantarta iya sauƙin gudunsa. Ta bayan tana nuna kaurinsa a digiri 100. Don haka 75W-90 da 80W-90 kusan kauri ɗaya ne in sun yi zafi, amma 75W-90 ya fi sakin jiki da asuba. Kada lambar ta ruɗi mutum: ma'aunin man giya daban yake da na baƙin mai. Man giya 90 kaurinsa kusan na baƙin mai 40 ko 50 ne.

Golf 3 an yi ta ne da 75W-90 mai alamar GL-4, tana shan kusan lita 2, kuma giya da difarenshal man ɗaya suke sha. Peugeot 504 da tsofaffin Honda baƙin man inji aka tsara wa giyarsu. Alamar GL-5 ta man aksul ce tun asali. Sinadaran da ke cikinta sun fi yawa, kuma ba kowane zoben tagulla ke jituwa da su ba. In littafin mota ya ce GL-4, a nemi GL-4. Man awo da ake ɗurawa daga jarkar da ba rubutu, ba mai iya cewa lambarsa nawa.

Wajen canzawa, a yi shi bayan tafiya, mai yana da ɗumi. A fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, kada a juye mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa. A Golf alanki mai lamba 17 ake amfani da shi. A tari man a farin roba a duba shi a rana. Baƙin laushi kaɗan a jikin mayen ƙarfen noti ba komai ba ne. Ƙyalli ruwan zinariya zoben tagulla ne ke cinyewa. Ɓarɓashin ƙarfe da yatsa ke ji boris ne ko haƙori. In man ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa ya shiga ta mashaƙar iska. Wannan ya zama ruwan dare ga motocin da ke ratsa ambaliya da damina a yankunan Ringim da Auyo da Haɗeja: ruwan yana zaune a ciki tun Agusta, sai hunturu ya zo man ya yi kitse, a ce sanyi ne. A cika sabon mai, mota a daidaice, har ya fara lekowa a bakin ramin zubawa. Cikawa fiye da haka ta hanyar karkata mota tana ƙara jan, tana kuma fasa sil.

Golf 3 an ƙera ta ne tsakanin 1991 da 1999. Wadda ba a san ranar da aka canza mata man giya ba, a canza. Ga motar haya a hanyoyin ƙura, kowace kilomita 40,000 zuwa 60,000 lissafi ne mai kyau.

## Abin da wannan ke nufi ga direba da mutanen gida

Al'adar barin mota tana silo minti ashirin ko talatin don ta ɗumama ba ta da amfanin da ake zato ga giyabos. Giya da tafiya take ɗaukar zafi. Ƙaramin inji yana shan tsakanin rabin lita da lita ɗaya a awa guda yana silo, fiye da haka in yana sanyi. Minti ashirin kullum na iya cinye wajen lita 8 zuwa 10 a wata, kuma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai motar haya. Minti biyu ko uku a firi, ƙafa ba ta kan kuloci don giyoyi su watsa mai, sun isa. Sai a tashi a hankali, a ɗan dakata a firi tsakanin lamba ɗaya da biyu maimakon a tura da ƙarfi, har a yi kilomita uku ko huɗu.

Tayar da mota da kuloci a take yana sauke wa kik da batir nauyin kaɗa man, abin da tsohon batir ke ji sosai da sanyi. Yana kuma kare mutum ranar da aka manta mota cikin giya.

Haɗarin gaske yana wajen birkin hannu. Motocin haya da yawa a karkara nasu ya daɗe da mutuwa, da dare giya ake bari a ciki ta riƙe mota. Da asuba direba ya cire giya, ya tayar da inji, ya fita ya tafi alwala ko ɗaure kaya. A wannan lokacin ba abin da ke riƙe da motar, kuma shi ne lokacin da jan mai ya fi ƙarfi. Rarrafen ba shi da sauti, ba shi da gudu, amma nauyin tan guda ne, kuma abin da ke gaba sau da yawa katangar ƙasa ce, ko yaron mota da ya sunkuya yana duba ruwa, ko yaran da suka fito jin ɗumin inji. In garejin rufaffe ne, ga kuma hayaƙin salansa mai kisa ba tare da wari ba. A buɗe ƙofa kafin a murɗa makulli.

Birkin hannu mai lafiya a yawancin ƙananan motoci yana kamawa bayan ya yi ƙarar ƙas-ƙas sau 4 zuwa 8 in ana ja. In ya wuce haka ba ya riƙewa, ko kebul ne ya miƙe ko takalman birkin baya sun cinye, kuma gyaransa bai kai kuɗin sauke giyabos ko kusa ba. Kafin a gyara, waigin katako a gaban taya da bayanta, kuma kada a cire shi sai direba ya zauna ƙafarsa tana kan birki.

In an kai mota gareji, a gaya wa bakanike sakamakon gwajin dalla-dalla: "Oga, a firi take yi, in na taka kuloci tana tsayawa, in ta yi zafi tana bari," ko kuma "ba ta bari." A nemi ya fara da juye mai a gaban mai mota da duba sandunan giya. In man ya fito da tsabta, an zuba mai lambar da ta dace, an daidaita sanduna, amma mota tana ja bayan ta yi zafi, a nan ne sauke giyabos ya zama dole.